Sunan da Na Rubuta a Layi na Biyu

Ranar sunan ɗiyar Fa'iza ina kicin ina kwashe tuwo, ƙofa a buɗe, sai na jiyo muryarki, Ummi, kina nuna wa ƙawarki wata dattijuwa da ta shigo da ƙatuwar kula a hannu.

"Waccan ce Anti Adiza ta Manchester. She's the one who grassed on Mum. Ita ta tona wa Mama asiri, ta sa aka kore ta daga uni."

Saura kaɗan marar ta suɓuce daga hannuna. Ban ce miki komai ba a ranar, don gida cike yake da baƙi, kuma don ba ni da bakin magana, tunda ni na ƙirƙiro wannan zance kuma shirun da na yi ne ya raya shi har ya girma tare da ku. Baiwar Allah nan ta hawo mota tun daga Longsight har Birmingham da shinkafa da wake a kan cinya, da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ku ukun kuka gaishe ta a tsaitsaye kamar wanda ya zo duba mitar wuta. Na gani, kuma raina ya ɓaci, amma da kaina nake fushi. Don haka wannan babin naku ne, Fa'iza da Mu'azzam da Ummi. Ku karanta shi har ƙarshe kafin wani ya kira ni yana "But Mum".

Na zo Manchester da tallafin karatu don in yi digirin digirgir a kan tsirrai. Abbanku ya sami aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Birmingham, yana zuwa Juma'a da yamma ya koma Lahadi. Mu muna hawan sama na wani tsohon gida a Longsight, Yaya Adiza tana ƙasa. 'Yar Kumasi ce, Hausarta ta zango, tana aikin share ofisoshi da sassafe, da rana kuma ita ke ɗauko Fa'iza da Mu'azzam daga makaranta. Ba mu haɗa jini ba, amma makullin ɗakina yana cikin zoben makullanta.

Tsiron da nake nazari a kansa, ko kun taka shi ba za ku san kun taka wani abu ba. Ganyensa bai fi farcen yatsa ba, a baje yake a ƙasa, ja-ja, kowane ganye da gashi a jikinsa, kowane gashi da ɗigon ruwa a bakinsa yana ƙyalli kamar raɓa. Raɓar kirki rana na ɗagawa take bushewa. Wannan kuwa da tsakar rana ta fi sheƙi, shi ya sa Turawa ke ce masa sundew, ni kuma a littafina na sa masa raɓar-rana. Ba ruwa ba ne, danƙo ne. Ƙasar da yake tsirowa a kai ba ta da abincin da saiwa za ta ja, shi ne ya koma cin nama. Ƙwaro zai sauka ya sha, ƙafa ɗaya ta maƙale, ya kai ɗayar don ya ciro ta, ita ma ta maƙale. Yana mutsu-mutsu sauran gashin suna jin motsinsa suna sunkuyowa, a hankali, babu gaggawa, har su lulluɓe shi. Bayan 'yan kwanaki ganyen ya buɗe, iska ta ɗauke ɓawon. Aikina shi ne in durƙusa da gilashin ƙara girma in rubuta abin da kowane ganye ya kama. Kakarku ta taɓa tambayata a waya ko gero da dawa sun ƙare ne a duniya da zan tsallaka teku in zauna kallon ciyawa tana cin ƙuda. Na yi dariya, amma ban gaya mata cewa ranar da na fara ganin ganyen yana naɗe ƙwaro da ransa sai da tsigar jikina ta tashi ba.

Wurin fadama ce a yamma da gari, amma kada ku kawo fadamar garinmu a ranku, mai rake da tumatir. Wannan gansakuka ce da ta yi ta mutuwa a kan 'yar'uwarta tun zamanin da ba wanda ya sani, har ta tara zurfin da ya fi tsayin gida, duk a jiƙe. In kana tafiya ƙasa na rawa a ƙarƙashinka kamar katifa. Babu itace, babu gida, babu mutum. Akwai tsofaffin ramuka da masu haƙa suka bari, ruwa ya cika su, gansakuka ta rufe bakinsu. A kan falankan katako muke bi, kuma wadda ta koya mini wurin wata Baturiya ce mai suna Pam, ma'aikaciyar sashenmu, wadda ta yi shekarun da suka fi na aurena tana shiga fadamar nan.

"Sarah," haka take kirana, don Saratu ya fi ƙarfin bakinta, "inda kika ga launin ruwan ƙasa, taka, zai ɗauke ki. Inda kika ga kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ruwa ne ya yi lulluɓi."

Na ce to. Amma ni na tashi ne a inda kore ke nufin alheri, kuma abin da ido ya saba da shi tun yarinta ba ya fita da magana ɗaya.

Sashen yana da doka: ba a shiga fadama mutum ɗaya. Kafin ka fita za ka cike takarda, suna biyu, lambar waya biyu. Ƙarfe huɗu ka kira ofis ka ce kun fito. In ba ka kira ba, sakatariya ta kira lambar farko. In ba a ɗauka ba, ta kira ta biyu. In nan ma shiru, ta kira masu ceto. Bazara biyu sunana a layin farko, na Pam a na biyu, ban taɓa ko tunanin takardar ba.

Sai aka shiga shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ɗakin karatun unguwarmu ya koma buɗewa rabin mako, wurin da nake kai Mu'azzam wasa aka garƙame shi, Yaya Adiza aka rage mata awannin aiki. Kowa ka gani a tashar bas fuskarsa a ɗaure, yana jiran wasiƙar sallama daga aiki. Ta Pam ta iso kafin bazarata ta uku, wadda ita ce ta ƙarshe a tallafina. Farfesan da ke duba aikina ya ce kada in damu, Tom zai riƙa raka ni. Tom ɗalibi ne ɗan'uwana, yaron kirki, ban taɓa ganin wani aibu a tare da shi ba, kuma ina so ku riƙe wannan. Sau biyu muka fita a motarsa. A na biyun ya sauke ni a Stockport Road, daidai ƙofar mai nama, kuma kafin in hau bene labari ya riga ni zuwa Birmingham.

"Maman Fa'iza," in ji Abbanku a waya, muryarsa a kwance, "wane ne mai jar mota?"

Na yi masa bayani. Ya ce ya fahimta, bai zarge ni da komai ba. Sannan ya ce daga safe har yamma, a daji, ku biyu, mutane ba za su fahimta kamar yadda ya fahimta ba.

Da na je wurin Farfesa na faɗi gaskiya, wataƙila da an nemo mini mace. Kunya ta hana ni, da girman kai. Ban so a ce ga ta nan, mai lulluɓin nan, dama an san aikin daji zai gagare ta. Kuma raɓar-rana ba ta jira: watannin zafi kawai take farauta, sanyi na shigowa ta dunƙule ta yi barci. In na rasa wannan bazarar, na rasa digirin. Sai na ce wa Farfesa na sami mai taimako daga unguwarmu, na sauka ƙasa na sami Yaya Adiza tana soya kelewele, ayabar nan mai yaji ta garinsu.

"Yaya, aron sunanki nake so. Formality ce kawai. Zan rubuta ki a form a matsayin mai raka ni."

"Ni? Ni da ko swimming pool ban taɓa shiga ba?"

"Ba inda za ki je. Kuma ba wanda zai kira ki, don ni zan riƙa kiransu kafin huɗu. Amma in tsautsayi ya sa suka kira, ki ce muna tare, mun fito, lafiya lau. Shi ke nan."

Ta daɗe tana juya ayabar a cikin mai.

"Maman Fa'iza, takardun zamana a ƙasar nan suna wurin renewal. Ba na son sunana a kan abin da ba gaskiya ba."

"Rufin asiri na zo nema, Yaya. In ke ba ki rufa mini ba, wa zai rufa?"

Na san inda na taɓa. Ta ce to. Na ce ta yi mini alkawari, ta yi.

Mako biyar ina fita ni kaɗai, jirgin ƙasa, bas, sannan tafiyar ƙafa, kuma kullum huɗu saura na kira ofis da muryar fara'a. Har na fara jin kaina gwana. A ranar da nake ba ku labari, wajen ƙarfe uku, na gama duba layin tsirrai na ƙarshe ina shirin juyawa sai na hango wani irin raɓar-rana da ban taɓa gani a wannan fadamar ba, mai dogon ganye a tsaye, wanda Pam ta ce ta yi shekaru tana nema. Yana gefen wani fili kore shar, taku uku daga katako. Na ajiye jakata a kan falanki, da wayata a ciki, don kada nauyi ya dame ni. Taku na farko ya ɗauke ni. Na biyu ya ɗan nutsa. Na uku babu komai a ƙarƙashinsa.

Sanyin ne ya fara ɗauke mini numfashi. Kafin in gane abin da ya faru ruwa ya kai mini ƙugu, takalman roba sun cika sun zama kamar an ɗaura mini duwatsu. Na yi abin da kowane ƙwaro ke yi: na ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nutsewa, na ja ta hagu, laka ta kai ni ƙirji. Na yi ihu da Hausa, na yi da Turanci, ba abin da ya amsa sai wani tsuntsu da ya tashi. Hannuna ya kai ga wani curin ciyawa mai tauri, na rungume shi, na kwantar da ƙirjina a kai, na daina motsi. Wannan kam tsiron ne ya koya mini, don na sha ganin cewa mai yawan shure-shure shi ake fara naɗewa. Fuskata ta zo daf da shi, wanda na zo dominsa, har ina ganin ɗigon da ke bakin kowane gashi. Akwai wani ɗan ƙuda a jikinsa da bai gama mutuwa ba. Na kawar da kai, amma ba inda zan kai idon.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, kuma ba mutuwar kaɗai ba. Na san, don karatuna ne, cewa irin wannan laka ba ta ruɓar da gawa. Ajiye ta take yi. An sha tono mutane a irin wuraren nan bayan zamunna, da fatarsu da gashinsu. Na ga kaina a ƙasan ruwan nan da hijabina, ba wanka, ba likkafani, ba wanda ya tsaya ya yi mini salla, Abbanku yana yawo da hotona a tashoshin jirgi. Sannan akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko shi: wata biyu ke nan ban ga al'adata ba, kuma na san abin da hakan ke nufi. Ruwan sanyin nan yana daidai cikina.

Sai wayata ta yi ƙara a cikin jaka.

Huɗu ta wuce ke nan, sakatariya ce. Jakar tana inda nake ganin zip ɗinta, amma ko da sanda ba zan kai ba. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Da ta yi shiru sai na tuna abin da ke biye, kuma a nan ne hankalina ya tashi gaba ɗaya. Yanzu za ta kira layi na biyu. Yaya Adiza za ta ɗauka, ta ce muna tare, mun fito, lafiya lau. Sakatariya ta sa alama a takarda, ta ɗauki jakarta ta tafi gida. Ni da bakina na tsara wannan, har na sa aka yi mini alkawari, kuma Yaya Adiza ba ta taɓa saɓa alkawari ba tunda na san ta. Duk addu'ar da na iya na karanta, amma wadda na fi maimaitawa ita ce wadda ban taɓa zaton zan yi ba: Ya Allah ka sa matar nan ta ci amanata. Ya Allah ka sa ta tona mini asiri.

Wayar ta sake ƙara, ta katse, ta sake, ta katse, ta sake. Daga nan shiru. Ban san wane ne ba. Ƙafafuna na daina jin su, haƙorana suna haɗuwa har na ciji harshe. Yatsuna suka fara saki da kansu, sai na cusa hannuwana cikin saiwar ciyawar har wuyan hannu, na naɗe gefen hijabina a jiki. Rana tana nan sama tana haske kamar ba abin da ke faruwa, don kun san tsawon yinin bazarar ƙasar nan. Na yi kalmar shahada, na sake yi, na kira sunayenku. Ɗan ƙudan nan ya daina motsi ban san lokacin ba.

Muryar Tom na fara ji, yana kiran "Sarah!" Shi ya jagoranci 'yan kwana-kwana, don shi kaɗai ya rage a sashen da ya san layukan da nake bi a fadamar. Suka shimfiɗa tsani a kwance a kan gansakuka, ɗaya ya rarrafo ya ɗaura mini igiya a ƙarƙashin hammata. Takalman suna can har yau. A cikin motar asibiti wanda ya ciro ni ya ce da an ƙara awa guda, da hannuwana sun saki. Na ji shi sarai, ku lura da wannan.

A asibiti aka tabbatar da cikin, aka ce yana nan da ransa. Bayan mako biyu kwamiti ya zauna. Na rubuta ƙarya a takardar tsaro, sau da yawa, ba abin musu. Aka janye izinina na shiga fadama, kuma ba fadama ba digiri. Abbanku bai ce mini ko "na gaya miki" ba, ya zo da motar haya ya kwashe mu zuwa Birmingham. Amma kafin mu tashi matan unguwa suka zo jaje, ɗaki ya cika, wata ta tambaya yadda aka yi jami'a ta gane. Ina kwance, ga kunya ga baƙin cikin shekara uku da suka tafi a banza, sai na ji bakina ya ce:

"Ku tambayi ta ƙasa. Wani bakin ba ya riƙe magana."

Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma ya isa. Ban ce ina cikin ruwa har ƙirji lokacin da ta yi maganar ba. Na bar su suka ɗauka santsi na yi, na ɗan jiƙe, da zan fito da kaina. Yaya Adiza tana kan bene da kwanon koko a hannu, ta ji. Ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, tare da makullina.

Shekara bakwai ban neme ta ba. Na koma koyar da kimiyya a makarantar sakandare, na yi ta gaya wa kaina cewa ita ta jawo. Amma duk shekara in na zo darasin tsirrai masu cin ƙwari sai muryata ta riƙa rawa, yara suna zaton ƙyanƙyami nake ji. Wata Asabar na ce muku zan je taro, na hau jirgi zuwa Manchester. Na same ta a ɗakin nan dai, ta tsufa. Na durƙusa a gabanta na ce "Yaya".

"Tashi, gwiwarki za ta yi ciwo," ta ce. "Kin san na yi miki ƙaryar?"

Na ɗago kai.

"Na yi. Matar ta kira, na ce we are fine, mun fito. Na ajiye waya. Sai na ce bari in ji muryarki. Sau uku ina kira. Ke da ko kina wanka sai kin ɗauka kin ce Yaya ina zuwa. Na tsaya a kitchen, Fa'iza tana tambayata, 'Auntie, when's Mum coming?' Na ce a raina, in na kira su na ce ƙarya na yi, za su rubuta sunana, police za su zo, takarduna suna hannun hukuma, wataƙila a mayar da ni Kumasi. In kuma lafiyarki lau, network ne kawai, na kashe miki karatu a banza, ba za ki ƙara kallona ba."

"Me ya sa kika kira?"

"Na ce gara ki ƙi ni kina numfashi."

An yi mata tambayoyi har sau biyu, takardunta suka yi jinkirin da ya hana ta zuwa jana'izar mahaifiyarta. Wannan ma ba daga bakinta na ji ba, ɗanta da ya raka ni ne ya gaya mini a hanyar tasha. Ta yafe mini a ranar, muka ci abinci a kwano ɗaya. Na dawo gida da niyyar in tara ku in faɗa muku, sai na ga yadda kuke kallona, uwar da aka zalunta, na kasa. Na ce gobe. Goben ce ta kai mu ranar suna.

To ga shi na faɗa. Ba ita ta kore ni daga jami'a ba, hannuna ne ya rubuta sunan a layi na biyu. Ranar Asabar mai zuwa ku ukun za ku hau mota zuwa Longsight, ba a waya ba, ba saƙo ba. Ku cire takalma a ƙofa, ku durƙusa har ƙasa ku gaishe ta yadda ake gaida uwa. Fa'iza, ki tafi da jaririyar ki sa mata a cinya. Ke kuma Ummi, ke za ki fara shiga, kuma ke za ki fi daɗewa a durƙushe, don mu biyu ne a cikin ruwan nan.